Satifiket ba ya rubuta kod

Tun jiya ake ta turo min hoton ɗan'uwan nan namu da ya jera satifiket a kan katifa, yana kukan an hana shi aikin rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, don ba shi da uwa a gindin murhu. Wallahi raina ya ɓaci. A wurin neman aikin an ce masa ya rubuta ɗan shirin kwamfuta da zai tara cinikin shago na mako guda, ya zauna yana kallon kwamfuta har lokaci ya ƙare. To wa ya hana shi aiki?

Ƙannena masu koyo, ku rubuta kod da hannunku. Kallon bidiyo a YouTube har asuba ba koyo ba ne. Je ka Fagge ka shekara kana kallon tela, in dai ba ka taka keke ka ɓata yadi ba, ko aljihu ba za ka iya ɗinkawa ba. A Python, ɗaya daga cikin harsunan rubuta kod, ka manta ɗigo biyu a ƙarshen layi, ko tazarar farkon layi ta kauce, shiri ya tsaya cak, saƙon kuskure ya fito. Nan wurin karatun yake. Karanta saƙon, yana gaya maka lambar layin da ka yi ɓarna. Amma me muke yi? Mu kwashe mu zuba wa ChatGPT, mu liƙa amsar da ba mu fahimta ba, gobe mu sake faɗawa ramin.

Na san za a ce babu laptop. Pydroid 3 da Termux, manhajojin da za ka iya rubuta kod a cikinsu, suna aiki a wayar Android da kake karanta wannan rubutu da ita. Za a ce babu wuta, data ta yi tsada. Gaskiya ne, amma datar TikTok daga ina take fitowa? Darussan shafin freeCodeCamp kyauta ne, kwas ɗin CS50 na Jami'ar Harvard ma kyauta ne, ga shirin koyar da fasahar zamani na 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Kayan karatu sun yi yawa, masu zama su rubuta ne suka yi ƙaranci.

Don Allah ka zaɓi harshen kod guda ka tsaya a kai. Ka samu mai shago a Kantin Kwari da ke rubuta bashi a littafi, ka gina masa abin da zai nuna wa ya biya, wa ake bi. Zai lalace, ka gyara, ya sake lalacewa. Ɗora shi a GitHub, shafin da masu kod ke ajiye aikinsu don a gani, ko da muni ne. Mai ɗaukar aiki wannan yake son gani.

Ku kuma iyayenmu, a yi haƙuri, ba duk yaron da ya kwana gaban laptop ne ɗan damfara ba. Wata baiwar Allah a unguwarmu ta ƙwace na ɗanta ta kulle a sif saboda maganar maƙwabta. Da ta ce ya nuna mata abin da yake yi, da ta ga lissafi ne kawai. Har yanzu ana ba ta baki.