Maki bakwai ba tare da an tsallaka layi ba

A garin Ayowa na Amurka, ranar da ƙungiyar jami'a ke wasa a filin Kinnick kowa koci ne, har mai wankin kwanuka. Ƙwallonsu ba irin tamu ba ce, doguwa ce da ake rungumewa a ƙirji. Ana ba ku dama huɗu ku ci yadi goma. In kun ci, a sake ba ku huɗu. Wanda ya tsallaka layin ƙarshe da ƙwallo ya ci tacdawun, maki shida, sai bugun ƙari ɗaya. In kun maƙale kusa, ku buga ta tsakanin sanduna ku samu uku. In kun maƙale nesa, a dama ta huɗu sai ku doka ta can ƙarshen fili ku bar wa abokan hamayya. Wannan shi ne fant.

Da wannan ɗan karatun na shiga wata mashayar kofi a watan Satumban 2022, ranar wasan Ayowa da South Dakota State. Na tarar an tashi, allo na nuna 7 da 3. Lissafi mai sauƙi: shida da ɗaya. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce masu kai hari sun yi abin a yaba, tacdawun ɗaya ta raba gardama.

Wurin ya yi tsit. Wani dattijo mai hular rawaya ya ajiye kofinsa ya kalle ni sama da ƙasa.

Kawu, wani Bakano da ya daɗe a garin, ya ja hannun rigata. "Ɗana, rufa mana asiri. Ba a ci tacdawun ko ɗaya ba."

"To Kawu, bakwan daga sama ta faɗo?"

Ashe uku ce da biyu da biyu. Akwai wata hanyar cin maki da ba a koya mini ba: in masu tsaronku suka kayar da mai ƙwallo a cikin gidansa, bayan layinsu, kun ci maki biyu. Sau biyu masu tsaron Ayowa suka yi haka. Wato masu tsaro sun ci huɗu, mai bugu ya ci uku, masu kai hari kuma sun sha iska.

Nan gardama ta ɓarke, kuma ita ce gardamar garin shekara da shekaru. Ɓangaren dattijon suka ce tsari ne: kada ka yi gangancin da za a ƙwace ƙwallo, ka bar Tory Taylor, ɗan Ostireliya mai fant, ya ajiye ta dab da layin abokan hamayya, sai yaran Phil Parker, kocin masu tsaro, su danne su a can har su yi kuskure. Matasa suka ce tsoro ne aka sa wa rawani. Dama ta farko gudu ta tsakiya, yadi biyu. Ta biyu ma haka. A ta uku saura yadi shida, kowa a filin ya san jifa za a yi, masu tsaro su yi wa mai jifa rubdugu, shi kuma don ya tsira ya jefa ta yadi uku. Sai fant. Wani ya ce kakarsa ma tana faɗin abin da za a yi kafin a yi.

Don in farfaɗo da mutuncina na kawo shawara: a kai ƙarar mai tsara harin, Brian Ferentz, wurin babban koci.

"Babansa ne," in ji Kawu, bai ko dube ni ba. Kirk Ferentz, wanda ke riƙe da ƙungiyar tun 1999.

A 2023 aka gindaya wa Brian sharaɗi a kwantiraginsa: maki 25 kowane wasa, wato 325 a wasa 13, har da waɗanda masu tsaro suka ci. Tunda ni na fara kawo lissafi majalisar, aka naɗa ni magatakarda, duk Asabar sai in faɗi nawa ya rage. Kafin Oktoba ta ƙare aka sanar ba zai dawo ba. Abin haushin, sun ci wasa goma a kakar, don haka kowane ɓangare na da hujja a hannu.

Da za su kara da Mishigan a wasan ƙarshe na Big Ten, gasar rukunin jami'o'insu, na ce ai ko makaho ya laluba maki uku. Na yi alkawari, ba caca ba, in suka tashi ba ko ɗaya zan dafa wa majalisa dafa-duka. Aka tashi 26 da nema. Na ce a ɗaga mini zuwa wasan Tenesi na sabuwar shekara, in aka maimaita in haɗa da kaji.

35 da nema. Dattijon ya aiko Kawu ya shaida mini shi cinya yake ci, kuma a rage yaji.