Japan Ba Ta Hana Musulmi Zama a Ƙasarta Ba

Akwai wani saƙo da ke yawo a WhatsApp da Facebook cewa Japan ta haramta Musulunci, ba ta ba Musulmi izinin zama, kuma babu masallaci ko ɗaya a ƙasar. Ba laifin wanda ya yarda ba ne, domin Musulmi 'yan kaɗan ne a can, labarinsu kuma ba ya yawan iso mana. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma yadda ake ta yaɗa ta yana damuna.

Sashe na 20 na kundin tsarin mulkin Japan ya ba kowa 'yancin addini, biza kuwa ana bayar da ita ne bisa aiki, karatu ko aure. A Kobe, birnin da ke bakin teku, akwai masallaci tun 1935. Ya tsira daga ruwan bama-baman 1945 da girgizar ƙasar 1995, ana sallar Juma'a a cikinsa har yau, ga shagunan halal a kewayensa.

Wahalar gaske tana wajen abinci, saboda naman alade da giya suna shiga miya da kayan ɗanɗano da yawa, sai kuma maƙabarta, domin Japanawa ƙona gawa suke yi, filayen binne Musulmi kuwa ba su da yawa.