Maƙabartar Chasselay da Fursunonin Yaƙin da Aka Kashe Saboda Launin Fatarsu

Jama'a, duk wanda Allah ya kai shi birnin Liyon na ƙasar Faransa, ina ba shi shawara ya ware rabin yini ya je ƙauyen Chasselay, wanda ke arewa da birnin, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. A tsakiyar gonaki zai tarar da wata katanga mai launin jar ƙasa, an yi mata ƙusurwoyi masu tsini irin na ginin ƙasar Mali, kuma a cikinta akwai kaburburan sojojin Afirka 188 waɗanda suka mutu a watan Yunin 1940, da yawansu bayan sun riga sun ajiye makamai sun miƙa wuya ga sojojin Hitila.

Ranar 17 ga Yuni, 1940, Marshal Pétain, sabon shugaban gwamnatin Faransa a lokacin, ya faɗa wa Faransawa ta rediyo cewa dole a daina faɗa, amma duk da haka aka umurci runduna ta 25 ta baƙaƙen sojojin Faransa ta tare hanyar Liyon. Sun yi artabu da Jamusawa ranakun 19 da 20 ga wata har harsashi ya ƙare musu. Da suka miƙa wuya, sai aka ware Turawa gefe guda, baƙaƙe gefe guda, aka tasa ƙeyarsu zuwa wani fili da ake kira Vide-Sac, inda tankokin yaƙi suka buɗe wa baƙaƙen wuta, sannan suka bi ta kan gawarwaki da waɗanda ke da sauran numfashi. Kimanin mutum 50 aka kashe a wannan fili kaɗai. Kwana biyu bayan haka Faransa ta sa hannu a yarjejeniyar tsagaita wuta. Jamus kuwa tana cikin ƙasashen da suka amince da yarjejeniyar Janiba ta 1929, wadda ta haramta taɓa fursunan yaƙi, kuma ta kiyaye ta gwargwado a kan Turawan Faransa da na Ingila. Waɗanda ta ɗauka ba cikakkun mutane ba ne ta cire daga ciki. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta cewa baƙaƙen sojoji 1,500 zuwa 3,000 aka hallaka ta irin wannan hanya a bazarar shekarar, kuma wannan aƙidar ce ta ci fursunonin Tarayyar Sobiyet fiye da miliyan 3 daga 1941.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wurin shi ne duwatsun kan kaburburan. A kan wasu akwai suna da ranar mutuwa, a kan wasu da dama kuwa an rubuta cewa ba a san mai kabarin ba, domin an raba gawarwaki da yawa da takardu da alamun shaidarsu. Mutum yana bin layi yana karanta sunaye irin na maƙwabtansa, sai ya iso kan dutsen da ba suna, ya tuna cewa wannan ma ɗan wasu ne, kuma mai yiwuwa mahaifiyarsa ta rasu tana sa ran dawowarsa. Ana kiran su sojojin Senigal, amma an kwaso su ne daga dukkan yankin da Faransa ta mallaka a Afirka ta Yamma, har da Mali da Gini da Barkina Faso da Binin da Nijar, kuma da yawansu ba da son ransu suka shiga soja ba, an ɗora wa sarakuna da masu gari adadin samarin da za su kawo ne.

Na sha jin masu cewa babu ruwanmu da wannan wuri, tunda mutanen sun mutu ne suna kare ƙasar da ta danne ƙasashensu. Ban yarda da wannan magana ba. Wanda aka ɗauko daga gonarsa aka sa masa kaki, sannan aka harbe shi hannunsa a sama saboda baƙar fatarsa, an zalunce shi sau biyu, kuma juya masa baya ƙarin zalunci ne. Mutanen ƙauyukan yankin, waɗanda ba su haɗa dangi da mamatan ba, su ne suka tattara gawarwakin suka binne, sannan wani jami'i mai kula da 'yan mazan jiya, Jean Marchiani, ya dage har aka gina maƙabartar, aka buɗe ta ranar 8 ga Nuwamba, 1942, alhali yaƙi bai ƙare ba. Idan baƙi sun iya yin wannan a cikin haɗari, ban ga hujjar da za ta sa jikokin mamatan su ɗauke kai ba.

Sai dai katangar tana ba da rabin labarin ne kawai. Tana nuna laifin Jamus ƙarara, amma ba ta faɗin abin da ya sami waɗanda suka tsira. Dubbansu sun shafe shekaru a sansanonin da Jamusawa suka kafa a cikin Faransa, cikinsu har da Léopold Sédar Senghor, wanda daga baya ya zama shugaban Senigal, kuma tarin fuka ya kashe da yawa. Da aka mayar da wasu gida, suka nemi haƙƙinsu na albashi a barikin Thiaroye kusa da Dakar, sai sojojin Faransa suka harbe su ranar 1 ga Disamba, 1944. Hukuma ta ce mutum 35 ne suka mutu, masana da dama suna ganin adadin ya zarce haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya amsa cewa kisan gilla ne.

Saboda haka abin da nake nema daga gwamnatocinmu da jami'o'inmu, musamman na Nijar, shi ne su tura masu bincike zuwa ma'ajiyar takardun sojan Faransa, su fitar da sunayen waɗanda aka ɗauka daga kowace jiha da garuruwansu na asali, a buga su da Hausa da Zabarmanci, a karanta su a gidajen rediyo, domin har yanzu akwai gidajen da abin da suka sani game da kakansu bai wuce cewa ya tafi yaƙin Hitila bai dawo ba.