Wai tsoho ya daina zama mutum ne a Damagaram?

Wallahi yau raina a ɓace yake, bari kawai in faɗa ko na samu sauƙi. Tun bayan asuba na fita da Baba zuwa gidan likita, mutumin da hawan jini ya shanye ma ɓarin jiki shekara biyu kenan, a kan kabu-kabu muka ɗora shi ni ina baya na rungume shi kamar jariri, ƙafarsa ta hagu tana ja a ƙasa ina ɗagawa da tawa. Mun isa, layin yankar tike ya kai bakin ƙofa, benci guda ne kuma samari sun cika shi suna danna waya. Na je wajen mai rubuta suna na ce ranka ya daɗe dan Allah a duba tsohon nan, ba ya iya zama, ko ɗago kai bai yi ba ya ce "kowa da kika gani nan marar lafiya ne". Haka na shimfiɗa ɗankwalina a kan siminti na kwantar da Baba har rana ta take, fitsari ya kubce masa a gaban jama'a, ya ja hula ya rufe fuska. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana dukanci a Birni, jaka da takalmin da ya ɗinka har Agadas ake kai su!

Da muka shiga minti biyar ba a yi ba, ordonas aka miƙo mana, a je farmasi a saya. To da me? Baduku ba shi da fansho. Asusun fansho na CNSS da CARENI na wanda ya yi aikin albashi ne, manomi da mai dako da tsohuwa mai tuyar ƙosai hannunsu ne fanshonsu, ran da hannun ya mutu shikenan.

Ni ba na ce ba a yin komi ba. Tun 2006 yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ake duba su, haka tiyatar haihuwa, kuma a 2024 an rage kuɗin ganin likita da rabi, mun gode. Amma ciwon tsoho ba na rana ɗaya ba ne, maganin hawan jini da na suga kullum ne har ƙarshen rai, ga famfas na manya, ga sabulu, ga ruwa. Ruwan ma! Duk wanda ke garin nan ya san yadda famfo ke yi mana lokacin zafi, sai ka kwana kana gadin bido, ni kuma zannuwa uku huɗu nike wankewa a wuni. Senegal tun 2006 ɗin nan suka kawo Plan Sésame, shirin duba lafiya kyauta dan 'yan shekara 60 zuwa sama, ko da yana ɗingishi dai akwai shi a takarda, tsoho na da abin da zai nuna ya ce haƙƙina ne.

Abin da ya fi ƙona min rai ma mutanenmu ne. Da ka ta da maganar sai wani ya gyara babbar riga ya ce "mu a al'adarmu ba ma kai iyaye gidan tsofaffi, wannan sai Turawa". Wa ya ce a kai su? Kai da kake faɗa yaushe rabon da ka juya mahaifinka a shimfiɗa dan kar bayansa ya yi gyambo? Mace ɗaya ake sakar ma aikin, ɗiya ko matar ɗa, maza suna Libiya ko wajen haƙar zinari a Jado, in an tuna a turo jika goma ta Nita a bi da voys "a gaida tsoho". Wadda ba ta da ɗiya kuwa je ka ƙofar masallaci ran Juma'a ka gan ta da ƙoƙo.

Kuma abin da muke nema ba gini ba ne. A ware ma tsofaffi layi da benci. Ma'aikatan da ke bi gida-gida da ɗigon shan inna da maganin zazzaɓin damina, me zai hana a ba su na'urar awon jini su leƙa ɗakin tsoho sau ɗaya a wata? Malamai su yi huɗuba a kai, masu unguwa su rubuta sunan duk tsohon da ke kwance ba mai kula, a cikin zakkar 'yan kasuwar Dole a cire wani abu na magani. Ba a jira 1 ga Oktoba ranar tsofaffi a raba buhun shinkafa a ɗau hoto a watse ba.

Ni dai na fara bin matan layinmu nan Zango, mu bakwai muka samu masu jinyar tsoho a gida, Asabar za mu je wajen mai unguwa, daga nan meri, ofishin magajin gari. Mai irin wannan kaya ya zo mu tafi tare. Ran Alhamis aka ce in maido Baba, har yanzu rabin ordonas ɗin na saya.