Ni da talotalon dajin Jojiya

Wlh duk abin da ya same ni ni na jawo wa kaina, da bakina nace wa wani dattijon Bature da muke aiki tare a Atlanta ta jihar Jojiya a Amurka kakana maharbi ne, har layar zana gare shi, zabo ba ya ganinsa sai dai ya ji a jikinsa. Mutumin nan yayi dariya yace to jikan maharbi, watan Afrilu lokacin farautar talotalo ne, ka yanki lasisi mu shiga daji.

Ni fa talotalon da na sani shi ne wanda ke yawo a tsakar gida yana kumbura fuska yana bin yara. Ashe na dajin Amurka wani aljani ne daban. A kan bishiya yake kwana, gari na wayewa ya sauko, in ya zura da gudu yana kai kilomita 40 a awa, ga ido kamar na uwar miji, yana bambance kala yana ganin kusan har ƙeyarsa. Namiji mai gemu a ƙirji ake harbi, kuma sai ka bari ya matso kamar yadi 40 sannan ka auna kai da wuya. Dattijon ya ja min kunne kar in kuskura in sa ja ko fari ko shuɗi, kalar kan talotalon kenan, wani maharbin zai iya ɗauka ni ne naman.

Na sayi tsohuwar bindiga Remington 870 kwance, baƙa wuluk tana sheƙi. Yace wannan ƙyallin daga nesa za a hango shi, ko in naɗe ta da tef mai kalar daji ko in kai a rina min. Da naji kuɗin rinin sai nace haba, fenti ne fa, ina ce gwangwani uku ya isa. Na duba YouTube, abin ba wuya: ka cire harsashi, ka goge maiƙo, ka toshe bakin bindiga da wajen kunama da salatif, ka fesa ruwan ƙasa, sannan ka ɗora ganye ka fesa kore da baƙi, in ka ɗaga sai hoton ganyen ya fito.

Ranar Laraba na zagaya bayan gida neman ganye, naga wani ya nannaɗe katanga, uku-uku reras gwanin kyau, nace ai wannan Allah ne ya ajiye min. Da hannu na tsinko cike da leda, na dinga danna shi a jikin bindiga ina feshi ina share gumi, gareji ya turnuƙe. Uwargida ta leƙo tace "Baban yara, wai mota kake wa fenti ko mu kake son kashewa?" Ban kula ta ba. Aiki yayi kyau gaskiya, ko yanzu ba zan fasa faɗa ba, har na tsaya gaban madubi na kafa kumatu a gindin bindiga ina gwada saiti sau ya fi ashirin.

Daren Juma'a ƙaiƙayi ya fara. Yatsu, wuya, kumatun dama, da wani wajen da ba zan ambata ba. Nace sauro ne.

Asabar muka yi sammako, tun da duhu mun jingina da wata ƙatuwar bishiya, dattijon ya fito da ɗan akwatin katako yana gogawa yana kukan macen talotalo, can sai muka ji namiji ya amsa gulu-gulu-gulu, jeji ya ɗauka. Ya raɗa min kar in motsa ko gira. Jama'a wanda ƙarara ta taɓa zuba wa a riga shi kaɗai zai gane halin da nake ciki, na cije leɓe, na karanta Ƙulhuwallahu ta fi goma, hawaye na bin hanci, ga gogan nan ya fito ya baza wutsiya yana taku ɗai-ɗai kamar sabon hakimi ranar hawan sallah. Saura kaɗan ya shigo inda nake so hannuna ya ci amanata ya kai wa wuya cafka. Ƙit ɗaya yayi, ya miƙe wuya ya kalle ni, ni ɗin dai ba bindigar ba, ya juya sai ƙura.

Dattijon ya ɗaga min abin rufe fuska, ya kalli kumatuna ya kalli zanen bindigar, ya ƙirga ganyen da yatsa, ɗaya biyu uku, kawai sai ya kwanta a ƙasa yana dariya har da tari. Wai foizin aibi sunan ganyen, mai sa ƙaiƙayi ne, yaran firamare ma sun san ba a taɓa shi, kuma man jikinsa yana daɗewa a kan kaya, wato ita ma bindigar sai an mata wanka da sabulu.

Sati biyu nayi ina yawo da man kalamin, maganin ƙaiƙayi mai kalar ruwan hoda, a fuska. Uwargida ce ke shafa min, in ta gama tace "Sannu jikan maharbi," ta tafi ta ɗora kazar kanti.