Jiran Gawon Shanu a Bakin Sito

Shekara uku ke nan da mai makarantarmu ya kira ni ofis ya ce, "Malam, duk ranar da Baba mai sito ya tashi, kujerar taka ce." Har da takarda da sa hannu.

Tun daga ranar na zama sarkin gaisuwa. Kullum da safe sai na leƙa: "Baba, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki? Ƙafar nan fa?" In ya yi tari sai kunnena ya miƙe kamar na zomo, in koma gefe in yi ta istigfari.

Wata rana na nuna wa malamin tarihinmu takardar. Ɗan Katolika ne, ya taɓa fara karatun zama Fada. Sai da ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ce ai abin nan yana da suna a dokar cocinsu da Latin: ekspektatiba. Wato a yi maka alkawarin muƙami mai albashi alhali mai shi yana raye, kai kuma ka zauna jira. Ya ce tun 1179 babban taron shugabannin cocin, na Lateran na uku, ya hana, don kada mutum ya riƙa fatan mutuwar ɗan'uwansa. Nan fa na sunkuyar da kai. Duk da haka, lokacin da Paparoma ke zaune a Abinyon ta Faransa an yi ta rabon irin takardun nan, har mutum biyu ko uku su riƙe na gurbi ɗaya, sai rigima a kotu. Sai a 1563 taron shugabannin cocin na Tarent ya soke su.

"Biyu ko uku?" na ce.

Ya ce in je in tambayi direban makaranta. Na je. Takardarsa ta girmi tawa da shekara guda, har ya sa an yi mata leda.

Baƙin ciki ko sauro, ban sani ba, zazzaɓi dai ya kwantar da ni mako guda. Ranar Laraba sai ga Baba a kan kekensa, garau, da jug ɗin kunun tsamiya. Ya zauna bakin gado ya ƙura mini ido.

"Malam, ya ƙarfin jiki? Tarin nan fa?"

Na ce da sauƙi. Ya ce Allah ya ƙara, ashe ɗansa ne ya matsa masa ya zo ya duba ni, tunda shi ma an ba shi takarda a kan ajina.