Mu koyar da "a" da "the" ta ƙofar Hausa

Na daɗe ina duba rubutun Turanci na ɗaliban sakandare, kuma babu kuskuren da nake yawan cin karo da shi kamar na "a", "an" da "the". Yaro ya tsara wasiƙa mai ma'ana, sai waɗannan 'yan kalmomi uku su zubar masa da maki a jarabawar WAEC. Ban ga laifin yaran ba, mu malamai ne muka ɗauko abin ta baibai.

Mukan ce su haddace: in kalma ta fara da a, e, i, o, u, a sa "an". Shi ya sa suke rubuta "an university" da "a hour". Alhali kunne ne alƙalin wannan ƙa'ida. Ba a furta h ɗin "hour", ita kuwa "university" da sautin y take farawa.

Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, bambancin da ke tsakanin "a" da "the" yana bakin yaron a Hausa tun yana goye, mun ƙi nuna masa. "Wani mutum ya zo jiya. Mutumin ya bar saƙo." Da farko mai sauraro bai san shi ba, sai aka ce wani. Da aka sake ambatonsa, sai ya zama mutumin. Wannan shi ne "a man" da "the man". Haka mota da motar, littafi da littafin. Duk ranar da na fara darasi daga nan, ina ganin fuskoki suna washewa.

Inda harsunan biyu suka raba hanya, nan ya kamata mu daɗe. Bahaushe yana cewa "na sayi mota", magana ta cika. Turanci ba ya barin tilon abu mai ƙirguwa tsirara haka, kuma daga nan "I bought car" ta samo asali. Muna cewa "rana ta faɗi", su masu Turanci dole sai "the sun", don ita kaɗai ce. "An" kuwa asalinta kalmar "ɗaya" ce a tsohon Turanci, saboda haka ba ta shiga gaban abin da ba a ƙirgawa, irin su "advice" da "information". Ko manyan ma'aikata na sha ji suna cewa "an advice".

Wani lokaci ma ma'anar ce ke sauyawa gaba ɗaya. "Niger" ƙasa ce, "the Niger" kogin Kwara. Ɗalibi yana "go to school" don karatu, uban da ya je ganin shugaban makaranta kuwa "the school" ya je.